Karen Gona, Garken Maƙwabci da Gubar da Ba Ta Magance Komai

Wasiƙun da suka taru a wannan karon yawancinsu a kan karnuka suke, kuma na lura cewa kusan kowa ya rubuto ne bayan ɓarna ta riga ta auku.

Wani manomi ya rubuto cewa karensa, wanda ya shekara biyu yana gadin gona ba tare da laifi ba, ya fara bin tumakin maƙwabcinsa, har ya yaga cinyar wata tunkiya mai ciki. Yana tambaya ko duka mai tsanani zai raba shi da wannan hali.

Malam, duka ba zai raba shi da komai ba. Kare ba ya haɗa bulalar da ya sha da safe da ɓarnar da ya yi cikin dare. Abin da zai koya kawai shi ne tsoron hannunka da kuma wayon ɓoye maka. Kafin maganar kare ma, ka je ka daidaita da maƙwabcinka, domin asarar da dabbarka ta jawo a wuyanka take, kuma ka ba shi shawara a duba raunin da kyau, saboda haƙorin kare yana huda nama ya yi zurfi a ƙarƙashin ɗan ramin da ido ke gani, sannan ƙuda ya zo ya zuba tsutsa. Ka sani kuma cewa tunkiya mai ciki tana iya ɓari saboda kora da firgita kaɗai, ko da haƙori bai taɓa ta ba. Shi kuwa karen, tunda ya ɗanɗana daɗin kora, ka ɗauka zai sake, musamman idan ya haɗu da wasu karnuka da dare, domin karen da yake da natsuwa shi kaɗai yakan zama wani abu dabam a cikin taron 'yan'uwansa. Maganin shi ne kada ya ƙara kwana a sake, sai a cikin shinge ko ɗakin da ba zai iya haƙa ƙarƙashinsa ba. Da rana ka riƙa zagayawa da shi kusa da dabbobi da doguwar igiya a hannunka, kana lura da shi. Da zarar ya ƙura wa tunkiya ido, ya sunkuyar da kai, jikinsa ya sandare, a nan ne za ka tsawata masa ka juyar da shi, tun bai ɗaga ƙafa ba, domin in ka ga kare yana sunsunar takalmi, ɗauka zai yi. Wani karen yakan shiryu cikin 'yan makonni, wani kuwa ba ya shiryuwa har abada, kuma irin wannan ba a sake sakinsa a inda dabbobi suke.

Sai dai kada ka fahimci maganata a matsayin umarnin ka ɗaure shi a turke da guntuwar sarƙa dare da rana. Karen da aka ɗaure haka, a rana, ba ruwa isasshe, ba motsa jiki, shi ne yake fusata ya ciji yaron farko da ya gifta. Idan ɗaurin ya zama dole, ka ja waya mai kauri tsakanin bishiyoyi biyu, ka zura zobe a cikinta, ka ɗaura sarƙar a jikin zoben, yadda zai iya kai da komo ya kuma samu inuwa.

Wasiƙa ta biyu daga mai kiwon kaji ce, kuma ita ce ta fi ɓata mini rai, domin ba yau na fara samun irinta ba. Ya ce karnukan da ba a san masu su ba sun addabi gonarsa, yana so in faɗa masa wane maganin ƙwari ne ya fi ƙarfi ya barbaɗa a nama ya ajiye musu.

Ba zan faɗa ba, kuma ina roƙonka ka bar wannan tunani. Naman da ka sa wa guba ba ya zaɓen bakin da zai ci shi. Karen maƙwabcinka mai lafiya zai ci, kyanwarka da ke rage maka ɓeraye za ta ci, ungulu za su sauka a kan mushen su mutu da yawa a lokaci guda, yaro kuma yana iya ɗaukar abin da ka ajiye ya kai hannunsa baki. Bayan duk wannan, karnukan ba za su ƙare ba. Abin da ya kawo su shi ne abinci: matattun kajin da kake jefawa bayan shinge, fasassun ƙwai, da juji a buɗe. Karya takan nemi namiji kamar sau biyu a shekara, cikinta kuma kwana 63 ne ko kusa da haka, saboda haka gurbin da ka buɗe da guba zai cika da sabbin karnuka kafin shekara ta zagayo. Ka binne matattun kajinka a rami mai zurfi ko ka ƙone su, ka toshe ƙasan shingenka, za ka ga bambanci ba tare da ka sayi komai ba.

Akwai dalilin da ya fi waɗannan girma, kuma shi ne ciwon haukan kare. Mutane da yawa suna zaton kashe karnuka barkatai yana rage wannan ciwo, alhali abin da masana suka gani ya saɓa wa haka, domin a cikin waɗanda ake kashewa har da waɗanda aka yi wa allurar rigakafi, masu maye gurbinsu kuma kwiyakwiyai ne da baƙin karnuka da ba su taɓa ganin allura ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutane kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk mutumin da ya kamu, daga kare ya samo shi. Abin da ke yanke yaɗuwarsa kuwa sananne ne: idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, aka kuma dage a kan haka shekara bayan shekara, ƙwayar cutar takan rasa inda za ta bi. Da wannan hanya ƙasar Meksiko ta kai ga samun shaidar hukumar a shekarar 2019 cewa ta kawar da haukan kare da mutane ke ɗauka daga karnuka. Allurar kanta ba sabon abu ba ce, tun shekarar 1885 Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya ceci wani yaro ɗan shekara tara da mahaukacin kare ya ciza, kuma ranar 28 ga Satumba da ake tunawa da wannan ciwo a duniya ita ce ranar rasuwarsa. Abin takaici ne a ce bayan shekara fiye da ɗari manomi yana neman kuɗin guba, alhali bai kai karensa an yi masa allura ba. Kwikwiyo yana karɓar allurar farko yana ɗan wata uku, sannan a riƙa maimaitawa bisa yadda likitan dabbobi ya tsara, a kuma adana takardar shaida.

Tunda na shiga wannan magana, bari in ƙarasa ta. Mahaukacin kare ba lallai ne ya zo yana gudu yana kumfar baki ba. Wani yakan yi shiru ne, muƙamuƙinsa ya saki, miyau yana dalala, ya kasa haɗiya, sai mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa ya zura hannu a bakinsa. Haka ma saniyar da aka ciza, bayan makonni sai ta fara kuka da wata irin dusasshiyar murya ba ƙaƙƙautawa, tana yunƙuri kamar mai naƙuda, miyau yana zuba, makiyayi kuma ya tura hannu har maƙogwaronta yana neman abin da ya shaƙe ta. Kada ka taɓa zura hannu tsirara a bakin dabbar da ke irin wannan hali. Wanda kare ya ciza ko ya yakushe, ya wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, ba ɗauraya ta minti ɗaya ba, sannan ya tafi asibiti a ranar domin a fara masa allura. Alamun ciwon sukan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin su bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, kuma wannan jinkirin ne yake yaudarar mutane su saki jiki. Da zarar sun bayyana, kusan babu mai tashi. Karen da ya yi cizon, idan ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, a killace shi kwana 10 ana lura da shi, amma kada wanda aka ciza ya zauna jiran sakamakon kafin ya je asibiti.

Wata baiwar Allah tana tambaya ko fiɗiya za ta sa karenta ya daina gadi. Malama, ba za ta sa ba. Abin da za ta rage shi ne yawon neman karya da faɗan da yake dawowa da raunukansa.

Wani kuma yana tambayar lokacin da ya dace ya haɗa kwikwiyo da garken tumaki domin ya zama mai tsaronsu. Yana ɗan mako takwas zuwa goma sha shida ne yake sabawa da su, sai ka sa shi tare da tumaki masu sanyin hali, ka kuma ba shi lungun da zai ɓuya idan sun tunkuye shi.

Mai tumakin da ya ce ragonsa yana zagaye wuri ɗaya kamar mai jiri, kansa a karkace, kuma ya ga ƙullutu masu ruwa a hanta da huhun wata tunkiya da ya yanka, bai ambaci kare a wasiƙarsa ba, amma ina kyautata zaton akwai shi a gidan. Akwai cututtuka da dama da ke sa dabba juyi, don haka likita ya duba ragon, sai dai abubuwan nan biyu da ka haɗa suna nuni ga tsilar kare. Tsilar tana zaune a hanjin kare ba tare da ta dame shi sosai ba, ƙwayayenta suna fita a kashinsa su watsu a ciyawa da wurin shan ruwa, tunkiya ta haɗiye su, su zama ƙullutu a jikinta: wani nau'in a hanta da huhu, wani a ƙwaƙwalwa, wanda shi ne mai kawo juyin. Sai ranar yanka ta zo, mai dabba ya ga hantar ta lalace, ya yanke ta ya jefa wa kare, kuma da hannunsa ya mayar da cutar inda ta fito. Nau'in da ke kama hanta da huhu yana kama mutum ma, musamman yaran da ke wasa da kare su ci abinci ba su wanke hannu ba, kuma ƙullutun yakan yi shekaru yana girma a ɓoye har sai ya kai ga tiyata. Kada ka ƙara ba kare ɗanyen kayan ciki ko kan tunkiya. Ko dai ka dafa su sosai, ko ka binne su inda ba zai tono ba. Ka riƙa ba shi maganin tsutsa mai sinadarin firazikwantel aƙalla sau huɗu a shekara, ka kuma killace shi kwana biyu bayan ya sha domin ka kwashe kashin ka binne. Masu shanu su ƙara da hana kare cin mabiyiya ko ɗan tayin da aka zubar, su kuma nisanta shi daga rumbun abincin dabbobi, domin akwai wata ƙwayar cuta mai sa shanu ɓari wadda ita ma ta kashin kare take bi.

Ga mai tambayar kaska da ƙazuwa, wanda ya ce ya gwada magani kala huɗu har da baƙin man inji: ka daina shafa wa dabba baƙin mai, yana ƙona fata kuma karen yana lashe shi. Ka daina kuma ninka ma'aunin maganin wankan shanu kana zuba masa, domin abin da saniya za ta jure yana iya kashe kare. Dalilin da ya sa kaskar ke dawowa shi ne ba a jikinsa take zaune ba; kaskar kare tana ɓuya a tsagogin bango da ƙarƙashin shimfiɗarsa, inda mace ɗaya ke zuba dubban ƙwai. Ka share makwancin, ka ƙone tsohuwar shimfiɗar, ka liƙe tsagogin, sannan magani ɗaya da likita ya auna maka bisa nauyin karen zai wadatar.

Wasiƙa ta ƙarshe ta wani ce da ke bin hanyar jama'a da karensa zuwa gona, mutane suna ƙorafi, shi kuma yana cewa karensa bai taɓa cizon kowa ba. Malam, kai ka san halin karenka, amma yaron da ya hango shi daga nesa bai sani ba, kuma idan ya ruga a guje, gudun nan ne zai tada wa karen sha'awar kora. A kan hanyar da mutane da dabbobi ke bi, igiya a wuyansa dole ce, gajera yadda zai tsaya a gefen ƙafarka, kuma babba ne zai riƙe ta, ba yaron da karen zai iya ja ya kayar ba. Idan kun haɗu da garke, ka ratse gefe ka zaunar da shi har su wuce. Idan ya taɓa kai wa wani hari, ko yana gurnani ga baƙi, ka sa masa takunkumi irin mai kama da kwando, wanda zai bar shi ya buɗe baki ya yi haki, domin da haki kare yake rage zafin jikinsa. Ka fara saba masa da shi a gida, ta hanyar sa ɗan abinci a ciki ya zura bakinsa da kansa, na 'yan mintoci a kowace rana, kafin ka fita da shi cikin mutane.