Me ya haɗa jinin al'ada da awon jini da duba maƙoshi?

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce a Damagaram. Al'adata takan kai kwana 9, da gudajin jini, kuma kullum a gajiye nake. Da na je asibiti, maimakon maganin tsayar da jini sai aka tura ni awon jini, aka duba maƙoshina, aka tambaye ni abin da nake ci. Me ya haɗa waɗannan da al'ada?

Amsa: Malama, wanda ya duba ki ya bi hanyar da ta dace. Al'ada ba aikin mahaifa kaɗai ba ne. Umarnin yana fitowa daga ƙwaƙwalwa zuwa gidan ƙwai, shi kuma ya saki sinadaran isturojin da furojestaron, waɗanda ke kauraro shimfiɗar mahaifa, idan ciki bai shiga ba ta zube. Duk abin da ya taɓa wannan tsari, ko ciwon ƙullun maƙoshi ne (wato thyroid, wanda shi aka duba a maƙoshinki), ko rama, ko yawan damuwa, yana iya canja lokacin jinin da yawansa. Shi ya sa a 2015 ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta nemi a riƙa duba al'adar ƴan mata kamar yadda ake duba bugun zuciya da zafin jiki.

Jinin da ya wuce kwana 8, ko ya sa mace canja ƙunzugu kowace awa, ya yi yawa. Nan likitan jini yake shigowa, domin sinadarin ƙarfe yana fita tare da jinin, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar macen da ba ta da ciki a matsayin mai ƙarancin jini idan awon himogulobin ɗinta, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, ya gaza giram 12 a desilita. Wasu matan kuma da matsalar daskarewar jini aka haife su, sai su shekara da shekaru ana ce musu haka jikinsu yake. Tambayar abinci ma tana da dalili: hanta da nama da wake da zogale suna ƙara ƙarfe, lemun tsami yana taimaka wa hanji ya tsotse shi, amma shayin da ake sha dab da gama cin abinci yana rage abin da jiki zai samu.

A yankinmu akwai abin da nake ganin ana yawan mantawa da shi, wato tsargiya. Macen da ta taso tana wanka ko wanki a tafki tana iya ɗauke da ƙwan tsutsar da ke kawo cutar a bakin mahaifa, ya riƙa jawo zubar jini tsakanin al'ada da al'ada, a yi ta ba ta maganin sanyi a banza.

Kada ki dogara da lissafin fiƙihu wajen auna lafiya. Malikiyya sun sa iyakar hailar mai farawa a kwana 15, amma wannan hukuncin salla da azumi ne, ba shaidar cewa jiki lafiya yake ba.

Ki yi wata 3 kina rubuta ranar farawa da ranar ɗaukewa da yawan ƙunzugun da kike canjawa, ki kai wa likita tare da sakamakon awon. Yana iya neman hoton mahaifa don duba ko akwai ƙari, wato tsiro, a cikinta. Idan jiri ya kama ki ko numfashi ya yi miki wuya, ki koma asibiti a ranar.