Amsa ga ƙanwata mai tambaya kan ƙaurace wa Walmart

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun jiya da dare na ga tambayarki, barci ne ya fi ƙarfina. Kin ce wata abokiyar aikinki ta ga ledar Walmart, babban kantin nan na Amurka, a hannunki ta hau ki da faɗa, wai duk mai sayayya a can yana taya su danne ma'aikata da kashe ƙananan shaguna. Shi ne kike tambaya ko ki daina zuwa, kuma ko dainawar taki za ta yi wani amfani. Shekarata goma sha shida a Shikago, na kuma taɓa cin abinci da irin wannan aikin, to bari in gaya miki abin da na gani.

Farkon zuwana na yi shekara biyu ina jera kaya da dare a wani babban kanti. Ba zan kama sunansa ba, irinsu da yawa ne. Ƙarfe goma mu shiga, tirela ta juye kwalaye, kowa a ba shi layinsa. Nawa layin sabulun wanki ne da ruwan gora, masu nauyin tsiya. Kafin asuba kwali ya tsattsaga min yatsu, bayana kuwa kamar an jibge ni da taɓarya. Amma abin da ya fi ci min rai jadawalin aiki ne. Wannan makon a ba ki awa 34, mai zuwa a ba ki 19, ba ki san me za ki samu ba balle ki yi lissafin kuɗin haya. Kullum a ajiye ki ƙasa kaɗan da awannin da za su ba ki inshorar lafiya. Akwai wata baiwar Allah 'yar Meksiko da muke layi kusa da juna. Idan muka tashi da safe sai ta cire rigar aiki, ta ɗauki kwando, ta yi cefane a kantin da ta kwana tana jerawa, ta biya da katin tallafin abinci na gwamnati. Har yau ina ganin yadda take ɓoye katin a tafin hannunta.

Wannan labarina ne, a wani wurin. Na Walmart kuwa a rubuce yake, kuma abokiyar taki ba ƙarya ta yi ba. A 2020 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya duba wasu jihohi, ya tarar Walmart na sahun gaba cikin kamfanonin da ma'aikatansu ke karɓar tallafin abinci da na magani. Ma'ana harajin da ake cira a albashinki shi ke cike giɓin. Su Walmart kuma ba sa son ko jin sunan ƙungiyar ƙwadago. A shekarar 2000 mahautan reshensu na Jacksonville a jihar Tekzas suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiya. Ba a yi wata guda ba kamfanin ya sanar da daina yankan nama a rassa 180, ya koma sayar da wanda aka riga aka ƙunshe, ya ce wai babu alaƙa. A Jonquière ta ƙasar Kanada ma'aikata sun kafa ƙungiya a 2004, aka rufe kantin a 2005. Sai a 2014 kotun ƙolin Kanada ta ce rufewar ta saɓa dokar ƙwadago ta lardin Kwibek. Shekara tara, su wa suka iya jira?

Batun unguwa shi ya fi ba ni takaici. Babban kanti ya zo da araha, mai shagon cefane da mai kemis su kasa, su rufe. Can wata rana lissafi ya ƙi fita, shi ma ya tattara ya tafi. A Janairun 2016 Walmart ta sanar da rufe rassa 154 a Amurka, 102 daga ciki ƙanana ne da ta buɗe galibi a ƙananan garuruwa. Mu a nan Shikago mun gani da idonmu a Afirilun 2023, an rufe huɗu cikin takwas, har da babban na unguwar Chatham ta baƙaƙen fata, sanarwar ko mako ba ta kai ba. Tsofaffin da ke karɓar magani a can sai da suka koma neman bas.

To da jin haushin duk wannan na yi rantsuwa na daina shiga manyan kantunan nan kaf. Na yi shekara uku a haka. Me ya faru? Kuɗin cefanena ya ƙaru, na sha sanyin Janairu ina jan jaka daga shago zuwa shago, su kuwa ko a jikinsu. Kamfani mai ma'aikata kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari shida a Amurka kawai, ina zai san wata Bahaushiya ta yi fushi? Kuma ga abin da na sani tun ina ciki: duk makon da ciniki ya ja baya, abu na farko da manaja zai taɓa awanninmu ne. Kin yi fushi da mai gida, bulalar ta sauka a bayan bara.

Ƙauracewar da ta ci nasara a ƙasar nan ba haka aka yi ta ba. Baƙaƙen fatan birnin Montgomery sun yi kwana 381 ba su hau bas ba daga Disambar 1955 saboda wariyar launin fata, amma sun san abin da suke nema, sun kuma tsara motocin da za su riƙa kai mutane aiki. Ƙauracewa inabin Kalifoniya da su Cesar Chavez suka jagoranta, masu tsinkar inabin da kansu ne suka fara yajin aiki a 1965, su suka roƙi jama'a a daina saye, har aka sa hannu a yarjejeniya a 1970. Mutanen birnin Inglewood na Kalifoniya ma da ƙuri'a suka hana Walmart gina katafaren kanti a 2004, duk da kuɗin da ta zuba a kamfe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa yanzu kafin in shiga kowace ƙauracewa nake tambaya, ma'aikatan wurin ne suka kira ta, ko wani ne ya tashi da safe ya rubuta a Facebook? Me ake so kamfanin ya yi a janye?

Ita kuma abokiyar taki, ki tambaye ta a hankali ko tana da mota. Mai mota da albashi mai kauri shi ke da zaɓi. Ke ba ki cika shekara ba, ga yara, ga na gida suna jiran aike. Ban ga dalilin da wani zai kunyata ki don kin sayi audugar jarirai inda ta fi araha ba.

Ni dai yanzu raba ƙafa nake yi. Nama, shinkafa, manja da kayan yaji daga ƙananan shagunan halal da na 'yan Afirka, ko da an ɗora min dala biyu. Mahaucina ya san yadda nake son a sara min rago, akwai ranar da na manta jaka a gida ya ce in tafi da naman sai na dawo. Sabulu, takardar banɗaki da kayan makaranta kuwa babban kanti nake zuwa ba tare da jin kunya ba. Ranar da ma'aikatan suka fito yajin aiki suka tsaya a bakin ƙofa da kwalaye, ba na tsallake su in shiga, ko gishiri ne ya ƙare min.

Idan kina nan cikin gari, Asabar bayan azahar zan je titin Devon sayen nama. Ki yi min magana ta akwatin saƙo in biyo in ɗauke ki, ki zo da babbar jaka.