Amsa: Yadda Disney World ke sanin tsawon jira a layi

Ɗan'uwa, ka tambaya ta yaya Disney World, wurin shaƙatawa da ke kusa da Orlando a Amurka, ke sanin minti nawa mutum zai yi a layin lilo. A da ma'aikaci ne ke miƙa wa baƙo jan kati a bakin layi, a karɓe shi wurin hawa, a ga lokacin da ya ci. A 2013 aka kawo MagicBand, wata munduwar roba da ake ɗaurawa a hannu. Na'ura biyu ke cikinta. Ɗaya sai an kara ta a jikin sandar ƙofa. Ɗayar rediyo ce mai batir da ake jin ta daga nesa, ita ke taimaka musu su ga lokacin da ka yi a layi, kuma ita ke sa hotonka a kan lilo ya faɗa cikin manhajar Disney ta wayarka ba ka nema ba.

Lissafin yakan kwaɓe idan lilo ya lalace, ko na minti 20 ne. Masu tikitin Lightning Lane, wato layin gaggawa, sai su taru, a fifita su, layin kowa da kowa ya tsaya cik, allon tsawon jira kuwa yana nuna tsohon adadi. Batirin tsohon samfurin munduwar ma yakan mutu bayan kamar shekara 2: ƙofa za ta karɓe ka, hoton ne ba zai zo ba.