Amsar da na ba ƙanena kan tseren motar da na shiga

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da dare. Yanzu-yanzu na sauke mota daga tirela, hannuna duk baƙin mai, ba zan iya rubutu ba, sai dai ku yi haƙuri ku saurari murya.

Ƙanena, na ji saƙonka. Ka ce nawa ake biya a shiga tseren nan da na je Asabar da Lahadi, kuma motar tawa kilomita nawa take ci a awa. To ni na san ba kuɗin ne ya dame ka ba. Abin da ke ranka shi ne, tunda hannunka ya faɗa a tuƙi, in aka ba ka motar nan za ka bar Turawan nan a baya. Ko ba haka ba? Ai na san ka tun kana koyon ribas a ƙofar gida.

To ba za ka wuce su ba. Wallahi ba raini ba ne. Shekarata ta farko kusan kullum a ƙarshen layi nake gamawa, kuma na fi shekara 15 ina tuƙi kafin nan.

Ka ga motar, Mazda MX-5 ce, irin ta farkon nan da aka fara fitarwa a 1989, kujera biyu, inji lita 1.6, ƙarfin doki wajen 115. Motar da kake zuwa aiki da ita ma tana iya tsere mata a miƙaƙƙen titi. Kuma duk wanda ya ja layi da ni irinta gare shi, inji iri ɗaya, taya iri ɗaya, doka ta hana ka ƙara wani abu. To ina bambancin zai fito? A birki da kwana yake. Shi ya sa maganar kilomita nawa a awa, mu a can ba mai yin ta. Sakan muke ƙirgawa, kai, rabin sakan ma dukiya ne.

Kuma tun kafin ka taɓa fili sai ka yi lasisin tsere, lasisinka na titi ba shi ne ba. Hukumar Motorsport UK ke bayarwa a nan Ingila, sai ka ci gwajin da ake kira ARDS. Akwai na rubutu, a tambaye ka ma'anar tutoci, sannan malami ya zauna a gefenka ku zagaya fili. Ba gudu yake nema ba, so yake ya ga kana duba madubi, kana bin layi, ba ka da gaggawa. In ka ci, sai a liƙa maka wata alama a bayan mota, ruwan ɗorawa da baƙin gicciye, don kowa ya san sabon shiga ne a gabansa. Ba ka cire ta sai ka gama tsere shida lafiya an sa maka hannu.

Bari in gaya maka yadda kwana biyun nan suke tafiya. Filin tseren Brands Hatch muka je, a yankin Kent, kudu maso gabas da Landan. Ƙaramin zagayen muka yi, wanda ake kira Indy, kilomita 1.9 ne kacal, motata ba ta cika minti ɗaya ba take zagaye shi. Ƙarfe bakwai na safe ina fili. Masu duba mota su leƙa ko'ina: kejin ƙarfen da ke kewaye da direba, bel ɗin kujera ko wa'adinsa bai ƙare ba, abin kashe gobara, makunnin da ke yanke wutar mota gaba ɗaya, jar fitilar baya ta ruwan sama, hular kwano, rigar da wuta ba ta saurin ci. Har ƙarar salansa sai an auna, saboda akwai gidajen mutane a kusa. Abu ɗaya ya gaza, ba ka fita, ko daga ina ka taso. Daga nan minti 15 na neman gurbi, wanda lokacinsa ya fi kyau shi ne a gaba, kuma dole ka yi aƙalla zagaye uku. Tseren kansa minti 15 ne ko 20, sau biyu ko uku. Ka haɗa lissafi, duk kwana biyun nan tuƙin da na yi bai fi awa guda da 'yan mintoci ba. Sauran lokacin ina durƙushe ina auna iskar taya, ina ɗaure noti, ina duba mai, ina kallon sama ko hadari zai sauko. Azahar da La'asar a bayan tirela nake shimfiɗa darduma.

Amma awa gudan nan, ƙanena... Akwai kwanar farko, Paddock Hill. Kana tahowa a guje, titin ya ɗan hau tudu, ba ka ganin inda kwanar ta nufa. Sai ka taka birki, ka karya sitiyari dama, ƙasa kawai ta zube a gabanka, gangara kamar ka faɗa kwari. Cikinka ya taso, motar ta yi sakayau, a hagunka tsakuwa ce shimfiɗe tana jiran wanda ya makara. Ka isa ƙasa ka ji nauyi ya danne ka a kujera, sai kuma hawa zuwa kwana ta biyu, Druids. Ka yi wannan da motoci kusan 30, wani a ƙofarka ta dama, wani ta hagu, tsakaninku bai fi kamu ɗaya ba. A wurin nan ranka yana hannun Allah, sannan yana hannun mutumin da ke gefenka. Amana ce zalla. In ba ka yarda zai bar maka faɗin mota ɗaya ba, ba za ka iya shiga kwanar ba.

Shi ya sa abin bara har yau yake ci mini rai. A Druids ɗin nan ne, kwana ce mai lanƙwasa kamar ƙugiya. Zagayen farko na tseren farko. Na riga na karya, wani bawan Allah ya taho daga can baya, inda ko a mafarki birki ba zai kama masa ba, ya cusa kai ta ciki, ya daki ƙafar bayana ta dama. Na juya na fuskanci masu tahowa, Allah ne kawai ya tsare. Ƙarfen ƙafar ya lanƙwashe. Kuma ka sani inshorar titi ba ruwanta da filin tsere, kowa shi ke gyara tasa, ko laifin wa ne. Babban alƙalin fili ya kira mu, ya kalli bidiyon kyamarar motocinmu, ya hukunta shi. Wannan ya wuce. Kuɗin ma na yafe, ko da yake ba kaɗan ba ne. Abin da ban manta ba, tirelarsa ta huɗu ce daga tawa. Taku nawa ne? Ya tako ya ce mini yi haƙuri, na yi kuskure, shi ke nan fa. Bai zo ba. Yini guda yana wucewa ta gabana da kofin shayi a hannu. Jiya ma na gan shi, ya ɗaga mini hannu kamar ba abin da ya taɓa haɗa mu. Na amsa, don ba a haka aka rene mu ba, amma duk sanda na hango shi a madubi sai in... to, bar wannan maganar.

A'a, tsaya, kada in zalunci mutanen wurin, don ba haka suke ba. A daren nan na bara, wani dattijo da ya kai shekara 70, abokin hamayyata ne a fili, shi ya buɗe bayan motarsa ya ciro ƙarfen da nake nema, ya kwanta a ƙasa da tocila a baki muka ɗaura har wajen ƙarfe goma. Washegari na tashi daga ƙarshen layi, na zo na wuce shi, da muka fito shi ya fara rungume ni. Ga kuma ma'aikatan fili masu kaya ruwan lemo da ke tsaye a kowace kwana da tutoci, ba a biyansu albashi, sa kai ne, tun safe har yamma cikin ruwa da sanyi. In motarka ta kama wuta su ne za su rugo. Shi ya sa in an kaɗa tutar ƙarshe, kowane direba sai ya ɗaga musu hannu a zagayen komawa.

Yaya, na ji taki maganar ma, cewa jefa kai ne cikin halaka. Haɗari akwai shi, ba zan ɓoye miki ba. Amma kowa gaba ɗaya ya nufa, ba mai tsallaka titi, ba ɗan acaɓa, ga likita da motar asibiti a tsaye, ga abin tallafe wuya da ake haɗawa da hular kwano, wanda ya zama dole tun 2016. An ɗaga tuta ruwan ɗorawa, ba wuce wani. An ɗaga ja, tsere ya tsaya. Wanda nake jin tsoro shi ne wasan mota da samari ke yi a titi ranar biki, yara na tsaye a gefe. Don Allah kada a haɗa wannan da wancan, raina yana ɓaci.

Af, kuɗin da ka tambaya. Shiga kaɗai ɗaruruwan fam ne kowane zuwa, ban da taya, kayan birki, fetur da jan tirela. Kuma ba a cin ko sisi, wanda ya zo na ɗaya ɗan kofi ake miƙa masa. Ba wasan attajirai ba ne kamar yadda kake zato, akwai makanikai, malaman makaranta, masu gyaran famfo. Ƙungiya irin 750 Motor Club tun 1939 aka kafa ta don masu ƙaramin ƙarfi, kuma Colin Chapman da ya kafa kamfanin Lotus a cikinta ya taso. Yau na zo na 14 a tseren, ni da wata shuɗiyar mota muka yi ta musayar wuri tun farko har ƙarshe, na riga ta da abin da bai kai sakan ɗaya ba, kuma har yanzu jikina rawa yake don daɗi.

In da gaske kake, wata mai zuwa filin Snetterton za mu je, can Norfolk. Ka zo ka kwana a wurina ranar Juma'a, da asuba za mu tashi. Kai zan ba ma'aunin iska da littafin rubuta lokaci. Ka taho da rigar ruwa da takalmin da ba ka jin tausayinsa, iskar wurin ba ta da sauƙi. Sai da safenku.