Ga 'yar'uwar da ke son ajiye lithium

Wallahi 'yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da na share hawaye. Kin ce watanki biyu a kan lithium, maganin ciwon nan namu na bipolar da ke sa yanayin rai ya riƙa hawa da sauka, hannu na rawa, ƙishirwa ba ta yankewa, a gida ana cewa zai kashe miki ƙoda, ga tunanin mutuwa na zuwa miki da dare. Don girman Allah kada ki ajiye shi da kanki.

Ni ajiye mini aka yi. Shekarata biyu ina sha, na samu kaina, har na koma koyarwa. Sai uwar mijina ta zo zama da mu. Ta ce wannan iska ce, ƙwayar Turawa ke ƙara birkita ni. Wata Juma'a na dawo na tarar ta juye maganin a masai. Maigidan yana tsaye, bai ce uffan ba. Shirun nan nasa har yau ya fi ci mini rai. Ba a yi wata ba barci ya ƙaurace mini, daga nan komai ya yi duhu. Ina zaune kan sallaya bayan asuba, 'yata na jan zanina tana neman koko, ni kuwa ina ganin gara ba ni a duniya. Ƙanwata ce ta lura, ta kai ni asibiti. Likita ya ce lithium na cikin magungunan da aka ga suna rage haɗarin kashe kai ga masu irin ciwonmu, kuma yanke shi farat ɗaya na dawo da ciwon da ƙarfinsa.

Maganar ƙoda gaskiya ce, shi ya sa ake gwajin jini, awa 12 bayan shan na dare. Ni yawan lithium ɗin da ke jinina ana riƙe shi tsakanin 0.6 da 0.8 a gwajin. Kada mai kemis ya ba ki maganin ciwon jiki diclofenac ko ibuprofen, suna tara lithium a jini. Ki sha ruwa sosai a zafin nan, azumi ma sai kin tambayi likita. In kin ga amai, gudawa, tangaɗi ko harshe ya yi nauyi, asibiti a ranar.

Ruƙiyya ban hana ki ba, ni ma ina yi, amma da maganina. Tunanin daren nan kuwa, ki faɗa wa likitanki yau, kada ki jira ranar komawa. Ki samu wadda kika amince da ita ta riƙe miki maganin, ta kwana tare da ke. Akwai wadda za ki iya kira yanzu?