Yatsun ɗana sun lanƙwashe tun lokacin korona, akwai gyara?

Tambaya: Likita, a azumin 2020 da aka kulle Kano saboda korona, ɗana mai shekara bakwai ya faɗo daga katanga ya karye a gwiwar hannu. Ana ta cewa duk wanda ya je asibiti killace shi ake yi, sai muka kai shi wajen mai ɗori. Har yau yatsunsa a lanƙwashe suke, ko biro ba ya iya riƙewa. Kullum ina jin ni na cuce shi. Akwai gyara? Daga wata uwa a Kurna.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya miki zuciya. Ba zan ɓoye miki ba, naman hannun da ya mutu saboda matsewar ɗori ba ya dawowa. Amma akan yi gashin ƙashi, akan kuma yi aiki a saki jijiyoyin da suka ɗaure, ko a karkato mai rai ta ɗauki aikin wadda ta mutu. Ki kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a duba hannun.

Lallai a lokacin annoba akan ɗage aikin da zai iya jira, irin su canjin ƙugu da gwiwa. Gado da iskar numfashi sun koma wajen masu korona, masu ba da jini sun ragu, kuma zura bututun numfashi lokacin sa barci yana watsa cutar ga ma'aikata. Wanda ya kamu ma, daga baya aka ba da shawarar ya jira mako 7 kafin irin wannan aikin, saboda huhunsa. Karaya kuwa ba ta taɓa shiga wannan layin ba. Masu yaɗa jita-jitar killacewa a WhatsApp sun yi ɓarnar da har yau muke gani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar nan ta "ɗori sai ya matse". Ƙashi idan ya karye, hannu kumbura yake yi. A jera masa kara a zage a ɗaure da tsumma, ina kumburin zai je? Sai ya toshe hanyar jini. Cikin awa 6 zuwa 8 nama ya fara mutuwa. Yaro yana kwana yana ihu, yatsu sun yi sanyi, ka taɓa ɗaya ya zabura, manya kuma suna cewa ƙashi ne ke haɗewa, a yi haƙuri. Wallahi ba haɗewa ba ce. Na sha kwance irin wannan ɗaurin in tarar da fata ta yi ƙuraje masu ruwa, yatsu baƙi ƙirin, wari ya cika ɗaki. Idan muka ce sai an yanke don a ceci rai, sai a koma unguwa a ce likitoci ba su san komai ba sai yanka. Hannun nan tun a gida ya mutu, gawarsa aka kawo mana! Mai ɗorin da ya ga yatsu sun canza launi ya ce a ƙara kwana uku, ya ji tsoron Allah, amanar yaro ce a hannunsa.

Ke kuwa Hajiya, tsoro ne ya sa ki, kuma kowa ya tsorata a shekarar. Ranar da za ku zo, ki tuno mana kwana nawa ɗaurin ya yi, da ranar da yatsun suka daina motsi.