Amsa: Shin tafasa ruwa na kawar da ɓurɓushin roba?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tafasa ruwa da cire hanjin kifi sun isa su raba mutum da ɓurɓushin roba. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, roba kuwa ba rai gare ta ba balle ta mutu. Tacewa da matata mai ƙananan ƙofofi ta fi amfani.

Shi ɓurɓushin nan duk gutsuren da bai kai milimita 5 ba ne. Leda da gorar roba ba sa ruɓewa, rana da igiyar ruwa ne ke ta farfasa su har ido ya daina gani. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba: tayar mota tana goguwa a kan titi, ruwan sama ya kwashe garin robar zuwa kogi, tufafin nailan kuma suna zubar da zare a kowane wanki. Ko ba ka taɓa yar da leda ba, kana da kaso a ciki.

Cire hanjin kifi dabara ce mai kyau, don yawancin abin da ya haɗiya a nan yake tsayawa. Matsalar ita ce ƙananan kifayen da ake cinyewa ɗungurungum. An samu ɓurɓushin a cikin gishirin teku ma. A 2022 masu bincike a Holan sun gano ɓurɓushin roba a jinin mutane 17 cikin 22 da suka gwada.

Ni dai na daina zuba abinci mai zafi a leda ko mazubin roba, don zafi na sa roba ta ƙara sakin ɓurɓushi.